Fitilar Hagu

Ranar sunan ɗiyar Sani ina zaune a zaure na ji shi yana ba baƙi labarin yadda na rabu da tuƙin mota. Sani ya iya ba da labari, ban raina masa ba. Ya ce wai wani Bature ne ya buge mutum da babur ya gudu, da magana ta yi zafi aka nemi baƙar fatar da za a ɗora wa, aka ɗora mini, aka karɓe lasin ɗina, na yi wata uku a gidan yari kan laifin da ban ji ba ban gani ba. Baƙi suna ta girgiza kai suna kallona da tausayi, wani ma ya taso ya sake ba ni hannu. Na yi shiru domin taro ne, ba a ƙaryata ɗa a gaban surukansa. Amma labarin ba haka yake ba. Ku 'ya'yana, na san inda kuka samo shi, daga bakin Baba Masaƙi ne, mutumin nan mai ƙafa ɗaya da kuka tashi kuka tarar a shagon da ke jikin zaurenmu, kuna kiransa masaƙi alhali babu wanda ya taɓa ganinsa yana saƙa. Shi ya rasu, uwarku Hajara ta rasu, kakanku Malam ya riga su da daɗewa. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san abin da ya faru, shi ya sa na ga gara in rubuta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A lokacin Tudun Wada ba ta wuce 'yan layuka ba, tsakanin ganuwar birni da Sabon Gari, kuma kusan dukanmu baƙi ne. Malam daga ƙasar Katsina ya zo Zazzau neman karatu, karatun ya riƙe shi, ya kafa gida a nan. Bai so in yi tuƙi ba, bai kuma hana ni ba. Na koya a hannun wani Bayarabe a Sabon Gari, shekara uku ina wanke mota ina shan zagi kafin ya bar ni na taɓa sitiyari. Direbobi Hausawa a Zariya ta wancan zamani, da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga mu. In na ratso layi da wandon kaki da hula a karkace, har tsofaffi kan ɗaga kai. Ina ji da kaina ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da aka ba ni lasin, bayan na zagaya da Baturen 'yan sanda a mota ya ga ban jefa shi a rami ba, sai ya sa tafinta ya karanta mini dokokin hanya. A bi hannun hagu, domin a lokacin hagu ake bi. A yi ƙaho a kwana. Daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, fitila biyu a gaba, ɗaya a kowane gefe. Na haddace su kamar yadda na haddace karatun allo ina yaro, baki ya riƙe, ma'ana kuwa sai daga baya. A zatona fitila don direba ya ga hanya aka yi ta. In ɗaya ta isa in gani, ta biyun ado ce irin ta Turawa, masu son komai ya zo biyu-biyu. Ban taɓa kawowa a raina cewa an sa ta ne don wanda ke kan hanya ya san faɗin abin da ke tafe masa ba.

Motar da nake ja ta Madugu Tanimu ce, tsohon farke da ya ga zamanin jaki ya fara wucewa, ya sayar da garkensa ya sayi lori mai bodin katako. Da kaka muna kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye ta hanyar Soba, mu kawo injin gurzar auduga. Wata safiya ina cikin tafiya sai garken zabi ya tashi daga ciyawa, ɗaya ta zo ta daki fitilar hagu. Gilashin ya tarwatse, ƙwan ya mutu. Zabuwar dai mun ci ta a daren, amma fitila babu irinta a duk Zariya. Madugu ya aika Ikko, aka ce sai ta biyo jirgin ƙasa, mako uku ko huɗu. Ajiye mota mako huɗu a tsakiyar kakar auduga kuwa, ko a mafarki Madugu ba zai yarda ba, ni ma ban so ba.

Direbobi suna da dabararsu a kan haka. In ido ɗaya ya mutu, sai ka samo fitilar ƙwai irin ta kananzir, ka ɗaure ta da waya a gefen da ya mutu. Ba ta haska maka ko taku uku, amma daga nesa ana ganin wuta biyu. Akwai wani kofur da kan tsaya a bakin gadar Kubanni, doguwar fuska gare shi, ba ya dariya. Daren farko ya tsayar da ni, ya zagaya gaban motar, ya duƙa ya ƙare wa fitilar ƙwan kallo.

Ya ce, "Wannan ta ɗakin wa ka sato?"

Na ce, "Ta Malam ce, ranka ya daɗe. Aro na yi."

Ya ce, "Doka ta ce biyu. Ba ta ce sai sun yi kama da juna ba. Wuce. Amma ranar da na gan ka da ɗaya, za ka kwana a wurinmu."

Gaskiya na faɗa masa, fitilar Malam ce, kuma ita kaɗai ce ta ƙwai a gidanmu. Wani ɗalibinsa ne da ke aiki a reluwe ya kawo masa kyauta, domin idonsa ya fara rauni, ga shi yana kwafar wani littafin fiƙihu da ya aro a birni, ba ya samun zama sai bayan magariba. Da na karɓe ta, ya koma wa aci-bal-bal ta man gyaɗa, mai hayaƙi. Kwana goma ana haka. Safiyar rana ta goma sha ɗaya na shiga gaishe shi na ga idanunsa sun yi ja suna ruwa, yana goge su da bakin rawani. Abin ya dame ni. Na kwance fitilar daga jikin mota na kai na rataye ta a ƙusarta ta zaure.

Malam ya ce, "Habu, mayar da ita."

Na ce, "Yau kusa za ni, Malam. Kafin la'asar sakaliya na dawo."

Ya ce, "Ni in ban gani ba, shafi ɗaya zan ɓata, in sake wani. Mayar da ita."

Na yi dariya na ce ai rana ma fitila ce, na fita. Na ɗauka abin kirki na yi, har ina jin daɗin kaina a hanya.

Ranar komai ya zo a makare. Akawun awo bai buɗe sikeli ba sai da rana ta take, sannan audugar ta fi ƙarfin lodi ɗaya, dole na bar karen motata a kasuwar yana gadin ragowar. A hanyar dawowa taya ta yi faci, ni kaɗai na cire na liƙe na buga iska. Kafin in gama rana ta yi ja. Na yi sallar magariba a wani ƙauye da bai fi mil goma da gida ba, mai unguwar wurin har ya ce in kwana, ga tabarma ga tuwo, da asuba in wuce. Na sha tunanin dalilin da ya hana ni kwana, ina neman wani babba da zan ba ku, ban samu ba. Ba wanda ke ciwo a gida, ba wanda ya matsa mini. Ina son in kwana a ɗakina ne kawai, kuma na san hanyar kamar tafin hannuna. Kofur ɗin ma ban damu da shi ba, tunda ba sai na haye gada ba, a ƙofar gida zan ajiye motar in kai audugar inji da safe.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da mutanen wancan lokaci, in ba haka ba ba za ku fahimci sauran ba. Talakan ƙauye in ya hango wuta biyu a kan hanya, ya san lori ce, tun daga nesa zai faɗa ciyawa ya ja jakinsa. In kuwa wuta ɗaya ce da ƙarar inji, to babur ne, kuma ba mai hawa babur sai Bature. Bature ba a guje masa cikin ciyawa, kada ya ce kana ɓoye wani abu. Abin da ake yi, ka matsa bakin hanya inda zai gan ka sosai, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ɗaga hannu ka ce, "Zaki!" Babur siriri ne, tsakiyar hanya yake bi, bakin hanya ya ishe ka. Duk wannan na san shi, na sha ganin ana yi. Ban dai taɓa haɗa shi da motata ba.

Na kusa Gyallesu duhu ya gama rufawa. Fitilar dama tana haska tsakiyar hanya da gefen dama, hagu kuwa baƙi ƙirin. Can sai na ga kamar wani farin abu a ƙarshen hasken ta hagu, yana tsaye, sai ya yi ƙasa. Na ji murya ta ce, "Zaki!" Sannan motar ta yi tsalle kaɗan ta gefen hagu, kamar ta hau kututture. Na taka burki. Da na sauko na lalubo shi a bayan taya ta gaba, dattijo ne mai farar riga, takalmansa a jere gefe guda yadda ya tuɓe su. Ƙafarsa ta hagu daga ƙauri zuwa ƙasa ba ta da siffa. Bai san inda yake ba. Na ɗaure cinyar da rawaninsa, na ciccibe shi na ɗora a kan audugar, na ɗauko masa takalman, ban san dalili ba. Na haye gadar a guje, kofur bai ma fito ba ranar.

A asibiti malamin da ke aikin dare ya tambaye ni abin da ya same shi.

Na ce, "A kan hanya na same shi."

Ban shirya wannan magana ba, da kanta ta fito, kuma in ka duba babu harafin ƙarya a cikinta. Ya rubuta, ya ce Allah ya saka mini da alheri, ba kowane direba zai tsaya ba. Washegari likita ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da mutumin ya farfaɗo aka tambaye shi, ya ce sunansa Jibo, masaƙi ne daga wani ƙauye bayan Gyallesu, ya kai saƙi kasuwar birni yana komawa gida. Aka ce me ya buge shi? Ya ce babur ɗin Bature. Ya ga wutar da idonsa, guda ɗaya, har ya durƙusa ya yi gaisuwa. Turawa masu babur a Zariya suna da dama, na gona da na reluwe da na kamfanin auduga, kuma ba a haifi ɗan sandan da zai bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya ba. Aka naɗe takarda aka ajiye. Ni kuwa labari ya bazu a Tudun Wada cewa Habu direba ya tsinci mutum a hanya ya ceci ransa.

Na ci gaba da aiki. Na mayar da fitilar ƙwai jikin mota. Ina cin abinci, ina barci, kada ku ɗauka na rame ko na riƙa firgita. Mutum yana iya ɗaukar abu irin wannan ya yi ta yawo da shi lafiya lau, wannan ma na koya a shekarar. Uwarku ce ta fara taɓa ni. Ita ta wanke rigar da ta ɓaci da jini, ba ta yi tambaya ba. Sai bayan kwana biyu, tana miƙo mini ruwan alwala, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Maigida, shekaranjiya da asuba na ga kana wanke mota."

Na ce, "Yau na fara wanke mota?"

Ta ce, "A'a. Gefe ɗaya dai na ga ka wanke."

Ta ɗauki butarta ta shige. Ba ta sake tayar da maganar ba har abin ya ƙare.

Bayan kamar mako biyu sai ga ƙanen Jibo da matarsa sun zo gidanmu godiya. Matar ta shiga wurin Hajara, ƙanen ya zauna a zaure gaban Malam, ni ina gefe. Ya kwance wani ƙunshi ya fito da gwado fari mai ratsin baƙi, saƙar hannu mai kyau, irin wadda ba a samu yanzu. Ya ce shi ne na ƙarshe da Jibo ya sauke daga masaƙa, ya ce lalle a kawo wa direba. Na ce Allah ya ba shi lafiya ya saƙa wasu. Sai ƙanen ya dube ni kamar na yi maganar yara.

Ya ce, "Ai saƙa ta ƙare, direba. Da ƙafa biyu ake taka masaƙa. Hannu jefa ƙoshiya kawai yake yi."

Ban san haka ba sai ranar. Na karɓi gwadon da hannu biyu, na yi godiya, har na raka shi bakin layi. Da na dawo Malam yana nan inda na bar shi, gwadon a gabansa. Ya tambaye ni ranar da abin ya faru, wace rana ce. Na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ake rataye fitila, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce in ɗauke gwadon daga zaurensa. A makon nan fitilar mota ta iso daga Ikko, aka ɗaura, na mayar wa Malam tasa. Na cika ta da kananzir, na gyara lagwani, na goge ƙwan. Bai kunna ta ba. Kullum bayan magariba sai ya sa a kawo masa aci-bal-bal, ya duƙufa a kan littafinsa cikin hayaƙi yana goge ido, ga fitila a rataye bisa kansa. Kwana bakwai ina wucewa ta zauren nan ina ganin haka. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini hannu, da na ji sauƙi.

Wurin Madugu na fara zuwa in faɗi gaskiya, domin motarsa ce. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya leƙa waje ya dawo ya rage murya.

Ya ce, "Wa ka gaya wa?"

Na ce, "Kai ne na farko."

Ya ce, "To ni ne na ƙarshe. Kai yaro ne? Allah ya rufa maka asiri, kai za ka tona da hannunka? In ka je ka faɗa, ƙafar za ta tsiro? Ka riƙa aika masa da hatsi duk kaka, ni ma zan sa nawa. Wanda aka yanke wa ƙafa hatsi yake bukata, ba shari'a ba."

Maganarsa ba ta banza ba ce, har yau ina ganin akwai gaskiya a cikinta. Na ɗauke ta na kai wa Malam a daren, na zauna na faɗa masa komai tun daga ƙauyen da aka ce in kwana. Shi ne karo na farko da na faɗi abin da bakina a gidanmu. Na ƙare da maganar Madugu, ina fatan ya ce haka ne. Ya ajiye alƙalami.

Ya ce, "Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka shi ake rufewa, ka tuba, ba ruwan kowa. Wannan akwai ƙafar mutum a ciki. Kuma yana can yana yi maka addu'a a kan abin da ka san ba haka yake ba. Hatsin da za ka aika masa, a matsayin me zai karɓa? Kyauta?"

Na ce, "Za su karɓe lasin ɗin, Malam. Ƙila su ɗaure ni."

Ya ce, "Ƙila." Ya ɗauki alƙalaminsa.

Da safe na sa rigata mai kyau na tafi ofishin 'yan sanda. Tafinta ya sa na maimaita sau biyu kafin ya juya wa Baturen, don ya ɗauka bai ji daidai ba. Ranar shari'a aka kawo Jibo daga asibiti a kan amalanke, aka zaunar da shi a benci. Ban taɓa jin shari'a irin wannan ba, kafin ta ko bayanta. Wanda ake tuhuma yana cewa shi ne, wanda aka yi wa rauni yana cewa ba shi ba ne.

Jibo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba makaho ba ne. Na san lori, idonta biyu. Abin da ya buge ni ido ɗaya gare shi. Wannan bawan Allah ɗaukata ya yi. In an matsa masa ne ya ce shi ne, a ji tsoron Allah."

Joji ya tambayi kofur ɗin gada, ya tabbatar fitilar hagu ta motata a mace take a kwanakin, da fitilar ƙwai nake yawo. Aka tambayi Malam, ya ce a daren fitilar tana zaurensa, da ita ya yi rubutu. Aka duba madigadin hagu, ƙarfen da ke rufe taya, aka ga inda ya lotsa. Joji ya yi dogon bayani, tafinta ya taƙaita, ya ce an yi mini sassauci don na tsaya na kai shi asibiti, kuma na kawo kaina. An tsananta kuma don na san doka na take ta, na bar hukuma cikin duhu kusan wata guda. Wata uku, da karɓe lasin. Ana fita da ni na ji Jibo yana ce wa ƙanensa, "Ka gani ko? Sun rufa wa ɗan'uwansu asiri."

Zaman gidan yari ba shi da labari, dutse muka fasa. Uwarku ta riƙe gidan da sayar da koko da ƙosai, ba ta taɓa yi mini gori a kai ba. Da na fito na tarar Madugu ya ɗauki wani direba, ban ga laifinsa ba. Na kuma tarar da Jibo da matarsa a gidanmu. Malam ne ya aika aka ɗauko su, tunda ba saƙa ba noma, ya ba su shagon jikin zaure, ya sa wani ɗalibinsa ya koya wa Jibo ɗinkin hula. Fitilar ƙwai kuwa tana ci a zaure, su biyu suna zaune a ƙarƙashinta, ɗaya da alƙalami ɗaya da allura. Bayan 'yan shekaru an ce ina iya sake neman lasin, abokaina suka yi ta zuga ni. Ban nema ba. Na kafa rumfar gyaran keke da fitilu a bakin kasuwar Tudun Wada, wadda kuka sani, da ita na ci da ku. Na yi kewar mota, musamman in na ji lori tana canja giya a hawan gada, na san direban bai iya ba. Waɗanda muka fara tare wasu sun mallaki motoci sun je Makka tun ina faci. Wannan ya ɗan ci mini rai a wasu shekaru, daga baya ya daina.

Shekara ashirin da wani abu Baba Masaƙi ya yi tare da mu. Duk Tudun Wada shi kaɗai ya ci gaba da kirana Direba. Shi ya riƙa zaunar da ku yana ba ku labarin Baturen babur, kowace shekara Baturen yana ƙara tsawo da jan fuska. Sau biyu ina zaunar da shi in ce masa, Baba, babu Bature, ni ne, fitilata ce ta mutu. Sai ya yi dariya ya ce, "Direba ke nan, har yanzu tsoronsu kake ji? Ai sun kusa tafiya." Na gaji na bari. Da ciwon ajalinsa ya kama shi, na ga ba zan bari ya tafi a haka ba. Na shiga shagon bayan la'asar, na zauna a bakin gadonsa, ga hular da bai gama ba a gefe da allura a soke. Na ce ina neman gafararsa, kuma ba zan iya nema a kan abin da bai yarda ya faru ba. Na sake faɗa masa tun daga zabuwa har zuwa takalmansa da na ɗauko. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

Ya ce, "Direba, kai ba ka gajiya?"

Na ce, "Gaskiya ce, Baba."

Ya ce, "To saurara. In Bature ne, ƙaddara ce ta faɗo mini daga sama, ba ni da wanda zan riƙe a zuciya, ga kuma mutanen kirki sun ɗauke ni. In kuwa kai ne, tuwon gidan nan da na ci shekara ashirin, da wane maƙogwaro zan ce na haɗiye shi? Bar mini Baturena."

Na ce, "To gafarar fa?"

Ya ce, "Wanda ya buge ni, ko wane ne, na yafe masa tun ina asibiti. Miƙo mini ruwan nan."

Na miƙa masa, na tallafi kansa ya sha. Bayan kwana uku ya rasu, muka kai shi. Na bar masa Baturensa muddin yana da rai, har na wuce haka, na bar muku shi ku ma, domin labarin ya fi daɗin ji kuma ni ne gwarzo a ciki. Wannan kuskurena ne na biyu, kuma ya fi na farkon daɗewa.

Gwadon yana cikin akwatina na ƙarfe, a ƙasa, ban taɓa rufa da shi ba. In na mutu kada a raba shi cikin gado, ba nawa ba ne, an ba ni shi ne a kan abin da ban yi ba. Jikokin ƙanensa suna nan bayan Gyallesu, Sani ya san gidan. A kai musu, a gaya musu babu wani Bature. Ni ne, da lorin Madugu, da fitilar hagu a mace.